Kada ka sa hannu a facin da ba ka kayar da na'ura a kansa ba

Makon jiya na tsaya bayan wani yaro da muke aiki tare, yana duba faci, wato gyaran da aka kawo wa lambar manhaja, a sashen kdump na kanel ɗin Linux, zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Ya bi shi da ido sau ɗaya, ya ga komai tsaf, sai ya fara rubuta Reviewed-by da sunansa, layin da ke shaida cewa ya duba facin ya amince da shi. Na ce, "Ƙanena, ka kayar da na'ura a kansa?" Ya ce, "Oga, ai ya haɗu lafiya, ko gargaɗi babu." Gabana ya faɗi, don ni ma amsar da na taɓa bayarwa ke nan.

Kdump, tsarin da ke adana abin da ke RAM in kanel ya faɗi, ya shiga Linux a 2005. Tun na'ura na tashi ake keɓe wani yanki na RAM da saitin crashkernel, a ajiye kanel na biyu a ciki ta hanyar kexec, wanda ke tayar da kanel daga cikin wani kanel. In na farko ya faɗi, na biyu ya tashi ya kwashe abin da ke RAM ta /proc/vmcore, manhajar makedumpfile ta tace ta adana a fayil ɗin da ake kira vmcore. Sau da yawa fayil ɗin nan ne kaɗai shaidar abin da ya kayar da na'urar.

A wani kamfani da na yi wa aiki, mun kunna saitin crash_kexec_post_notifiers domin wata 'yar manhajarmu ta rubuta bayani kafin kanel na biyu ya karɓa. Facin da aka kawo mini yana ɗaukar spin_lock, kullen da ke sa sauran furosesoci (ƙwaƙwalen na'ura) su jira har a sake shi, kafin ya yi rubutun. Na karanta, na ga daidai, ai haka aka koya mana: ka kulle kafin ka taɓa abin da ake rabawa. Na sa hannu. Ban tuna cewa a lokacin faɗuwa ana tsayar da sauran furosesoci cak a inda suke ba. In ɗayansu na riƙe da kullen, har abada ba zai sake shi ba, kamar mai gadi ne ya mutu da makulli a aljihu. Saba, wato babbar kwamfutarmu, ta riƙa daskarewa cikin dare, kanel na biyu bai taɓa tashi ba, babu vmcore. Abokan aikina suka kwana suna laluben cuta a duhu, aka yi ta zargin wani bawan Allah mai kula da na'urorin, alhali sa hannuna ne.

Gaskiya an matsa mana lamba a lokacin, kuma ba a ba mu na'urar gwaji ba. Ba ni na rubuta facin ba. Amma spin_trylock, wanda ke gwada ɗaukar kullen ya wuce in bai samu ba, ya ishe mu, kuma na san shi. Kasala ce, da son a ce ina da sauri. To amma wa zai zarge ni, tunda manyana ma sun gani sun yi shiru? A'a, sunana ne a ƙasan facin.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, sai na ga kaɗan ne. Kayar da na'urar da hannunka: ka tura c cikin /proc/sysrq-trigger, tana tsakiyar aiki mai nauyi, a kan na'ura ta gaske, don katin sadarwa da faifai na iya ci gaba da zuba bayanai a RAM bayan kanel ya faɗi. Kwamfutar kwaikwayo (virtual machine) ba lallai ta nuna maka wannan ba. Sannan ka buɗe vmcore ɗin da manhajar crash ka tabbata yana karantuwa.

Ka karanta kowane layi, kana tambayar kanka: in wani na riƙe da kullen nan fa? In ana neman RAM a nan kuma mai rabon ne ya lalace fa? Ko da yake karatu bai cece ni ba, na karanta ɗin ai. Ka tambayi manya, amma kada shirunsu ya zame maka hujja.

Ku yaran yanzu gaggawarku ta fi tamu, kuna liƙa faci a manhajar hira ta AI ta ce muku yana da kyau, ku sa suna. Ita manhajar ba za a tashe ta ƙarfe uku na dare ba. In ba ka da na'urar gwaji, faɗa wa mai facin ƙarara cewa karantawa kawai ka yi, ka bar layin Reviewed-by babu sunanka.