Ramin da na huda a bangon mutane

Har yau in na tuna fuskar matar mai gidanmu lokacin da ta tarar da ni durƙushe a kan matakala, farin garin bango ya yi mini furfura, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata na uku ke nan a Columbus ta jihar Ohio. Ɗakina a ƙarƙashin ƙasa yake, besmen suke ce masa, da 'yar taga guda can kusa da silin. In ka leƙa, tayoyin mota kawai za ka gani da dusar ƙanƙara. Haya da wuta da ruwa da intanet duk kuɗi ɗaya aka yi mini. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, amma intanet ɗin sai ka ce sabis ɗin ƙauye ranar kasuwa.

Na'urar Wi-Fi ɗin tana can saman bene, a ɗakin da mai gidan yake aiki. Kafin ta ratso daɓe biyu da bututun ƙarfen da ke raba ɗumi a gidan ta iso wurina, ta riga ta galabaita. Saƙon WhatsApp yana tafiya, kiran bidiyo ne ba ya yiwuwa. Aikin dare nake yi a wani sito, in dawo wajen bakwai na safe, lokacin Kano ƙarfe ɗaya na rana, don da sanyi awa shida ce tsakaninmu. Sai in hau matakalar ƙarshe in tsaya jikin ƙofarsu ina raɗa kamar ɓarawo, kada in tashi mutane daga barci. Hajiya na fara magana fuskarta ta daskare, baki a buɗe. "Kuna ji na?" "Kai ne ba ma ji." Ƙarshenta dai a nan hirar take ƙarewa, in sauko in kwanta ina kallon silin.

Ni kuwa ba baƙon waya ba ne. Shekara bakwai na yi ina bin Kawu aikin haɗa dish. Babu irin rufin kwanon da ban hau ba da tsakar rana, ina juya faranti a hankali, yana ƙasa gaban talabijin yana kwaɗa mini kira, "Koma kaɗan! Ya wuce!" Nilesat, Arabsat, duk hannuna ya san inda suke. Don haka na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Na sayi doguwar wayar intanet, na ari injin huji wurin wani abokin aikina, Bahaushen zangon Kumasi, na auna inda zan ratsa. A gida wa ya taɓa neman izini kafin ya huda bango? Ƙusa ce da guduma, in an gama a cusa tsumma. Abin da ban lissafa ba shi ne bangon nan ba bulo ba ne, wani allo ne mai kamar alli da aka manna a jikin katako. Ina dannawa injin ya shige kamar a burodi, ya ɓallo wani yanki mai faɗin tafin hannu.

Ƙarar ce ta sauko da matar mai gidan. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kallon ramin ta yi, ta kalle ni, ta koma sama ta ɗauko takardar hayar da na sa wa hannu, ta aza yatsa a kan wani layi tana karanta mini a hankali kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ni kuma na sunkuyar da kai ina ba da haƙuri, yadda aka tarbiyyantar da mu. Sai daga baya abokin nan nawa ya ce a nan in ba ka kalli mutum ido cikin ido ba, ɗauka yake yi kana ɓoye wani abu. To, ka ji. Ladabin ma laifi ya zama.

Da yamma suka turo ɗansu, yaron da bai wuce shekara 15 ba, ya duba me ke damuna. Ya shigo ko sallama babu, ya waiga nan ya waiga can, ya nuna bango kusa da gadona. Wani farin faifai ne da ɗan kan ƙarfe mai zare ya leƙo ta tsakiyarsa. Na san shi sarai, bakin wayar dish ne. Tun ranar da na tare na gan shi, kuma, Allah ya yafe mini, a jikinsa nake rataye carbina. Yaron ya ce wayar tana cikin bango tun lokacin da suke kallon talabijin ta kebul, kowane ɗaki da bakinsa, yanzu sun koma intanet na faiba sun bar ta a banza. Akwai wasu ƙananan akwatuna, MoCA ake ce musu, ana sayen biyu. Ɗaya a haɗa shi da na'urar Wi-Fi a sama a ɗaura shi a bakin wayar can, ɗayan a ɗaura a nan. Na saman ya ɗora intanet a kan wayar dish, na ƙasan ya sauke shi. Ba huji, ba ƙusa.

Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Wayar da na yi shekara bakwai ina fereta da reza, wai ɗan cikina ne zai gaya mini abin da take iya ɗauka. Daren nan ko a wurin aiki abin bai bar ni ba.

Na yi oda, dala ɗari da 'yan kai, kuɗin da na ware don aika wa gida. Suka iso, muka ɗaura, fitilar da ya kamata ta kama ta ƙi kamawa. Yaron ya cire ya mayar, ya duba wayarsa, ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙila wayar bangon ce ta lalace, in mayar musu da kayansu. A nan na ce masa ɗan dakata. Na karanta takardar da ta zo cikin kwalin, na ga akwatunan suna aiki ne tsakanin megahaz 1125 da 1675. Sai na ji kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a kasuwar wani gari. Abin da kan dish yake turowa dikoda tsakanin 950 ne da 2150, wato a fili ɗaya suke kiwo. Kuma na sha ranƙwashin Kawu a kan abu guda: kada ka kuskura ka sa marabar eriya, wato 'yar na'urar nan da ke raba waya ɗaya zuwa ɗakuna da yawa, a layin dish, ba za ta ɗauka ba.

Na nemi izinin mai gidan, sau uku na tambaya don in tabbata ya ji, muka zagaya bayan gida inda duk wayoyin suka haɗu a wani akwati. Sanyi kamar ana yanka kunne. Ina buɗewa ga ta nan, tsohuwar maraba mai baki huɗu, an rubuta 5 zuwa 900 a jikinta, wato ko kusa da 1125 ɗin akwatunan ba ta kai ba. Wasu tsofaffin kan bar intanet ɗin ya wuce da ƙyar, wannan kam ta toshe hanya. Kan wayar ɗakina kuma ya yi tsatsa, silin gashin waya guda ya lanƙwaso yana taɓa jan ƙarfen tsakiya. Wanda duk ya taɓa aikin dish ya san wannan silin shi kaɗai ya isa ya kashe maka yini. Tunda ɗaki biyu kawai nake son haɗawa, na cire marabar gaba ɗaya, na gano wayar sama da tawa, na yanke kawunan na fere su da reza na ɗaura sababbi, na haɗa su baki da baki da ɗan joyin. Tsohon layin da ya shigo daga titi na bar shi a cire, don kada intanet ɗinmu ya bi waya ya fita maƙwabta. Masu amfani da layin har yanzu, wani ɗan mataci suke ɗaurawa a bakin shigowa saboda haka.

Mai gidan yana tsaye hannu cikin aljihu yana kallon rezar. Ya tambaye ni ina na koya. Na ce Kano, na kuma maimaita masa da ƙarfi, wannan karon ina kallonsa ido cikin ido. Muka shiga, fitila ta kama. Na ƙara wata ƙaramar na'urar Wi-Fi a ɗakina, yaron ya gwada gudun, ya ce kusan ɗaya yake da na sama. Kuɗin ramin dai sai da matar ta rubuta za a cire daga kuɗin ajiyata, duk da na cike shi na shafe na yi fenti. Har yau in mun haɗu a ƙofa murmushin nan nasu na leɓe take yi mini, ni ma na iya shi yanzu.

Kawu na fara kira. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka ga amfanin ranƙwashi ke nan, ɗan nema." Sai kuma ya yi shiru, ya ce aikin ya ja baya, yara duk a waya suke kallo yanzu, gwiwarsa ma ba ta hawan tsani. Wai in aiko masa da akwatunan ya gani ko za su shiga a Sabon Gari. Na ce to. Ban iya ce masa gidan da babu intanet ɗin ba abin da za su raba ba.

Yanzu in kira ya yanke, daga can ne. Ko babu wuta an kai waya caji, ko data ta ƙare, ko ƙanina sai ya fita tsakar gida kusa da bishiyar darbejiya kafin ya samu sabis. Ranar Juma'ar da ta biyo baya dai komai ya daidaita, na ga Hajiya tar a kan tabarmarta, har da tabon da ke jikin bangon bayanta inda na taɓa ratsa wayar dish ɗinmu. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma daɗe tana kallona. Ta ɗan dubi fuskar wayar, ta kawar da kai wajen ƙanina.

"Tambaye shi," ta ce, "can ɗin ba a dafa abinci ne? Dubi wuyansa."