Awa nawa ne daga Kaduna zuwa Madina?

Tun ranar da sunan Umma ya fito cikin maniyyatan 2023, tambayarta ɗaya ce: "Ke 'yar nan, awa nawa zan yi a sama?" Ba tsoron jirgi take yi ba. Ciwon gwiwa ne da ita, ko zaman mota daga Tudun Wada zuwa Zariya sai ta kwana tana shafa man zafi.

Sai na zauna na yi mata lissafi. Daga filin jirgin saman Kaduna zuwa na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina, idan aka miƙe sak, kimanin kilomita 3,750 ne. Jidda ta ɗan fi kusa, wajen 3,600. Babban jirgin fasinja yakan ci kilomita 800 zuwa 900 cikin awa guda, don haka idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar wajen awa biyar ce. Haka ma alhazan unguwarmu suka saba faɗa.

Amma a shekarar, wannan lissafin bai yi aiki ba. Miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi kafin a tsallake Bahar Maliya, ga shi yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, an rufe sararin samaniyar ƙasar. Dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye. Zagaye kuwa ƙarin mai ne, ƙarin kuɗi, ƙarin zama a kujera. Abin ya tsaya mini a rai, don ta Sudan ɗin nan kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa da kan jakuna har bakin teku a Sawakin, wasu ma can suka yada zango ba su dawo ba. Yau jikokinsu ne harsashi ke kora daga gidajensu.

Ban ɓoye mata ba. Na ce, "Umma, ki shirya wa awa bakwai." Ta yi shiru, ta ce Allah Ya kai mu. A sansanin alhazai na Mando na cusa mata man zafin a ƙaramar jakarta, kusa da carbi, na roƙi wata baiwar Allah da suka fito ƙaramar hukuma ɗaya ta riƙa tashinta tana ɗan taka ƙafa a cikin jirgi.

Wani abin da ke rikita masu jira a gida shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Idan jirgi ya tashi sha biyun dare ya yi awa bakwai, mu nan bakwai na safe, su can tara. Ƙanina da ya ji lokacin saukarsu, sai ya ɗauka awa tara suka yi, hankalinsa ya tashi, sai da na zana masa a bayan ambulan.

Daren nan ban runtsa ba. Wayata na kan darduma har na idar da Asuba, har rana ta ɗaga. Can wata baƙuwar lamba mai farawa da 966 ta shigo. Muryarta a dashe, ga hayaniyar mutane a bayanta.

"Mun sauka lafiya. Gwiwar ta kumbura, amma da ƙafata na sauko. Ki gaya wa Babanku."