Daren da autarmu ta sauka

Tun da na dawo daga ƙauye nake ta cewa zan rubuta wannan abun, yau da gobe ta hana, sai yanzu da yara suka yi barci na samu kaina. Autarmu ce ta haihu, haihuwar fari, kuma kun san yadda ake yi, ciki na shiga wata bakwai aka maido ta gida goyon ciki wajen Inna. Ni kuma hutun makaranta ya kama, damina ta yi tsakiya, na ce bari in je in kama wa Inna ɗan aiki, ashe kai ni aka yi in ga abin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Awo sau biyu kacal ta je. A zuwa na biyun malamar asibiti ta ja fatar idonta ta duba ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ba ta jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini, ta sha na kwana huɗu ta ajiye wai tashin zuciya suke sa ta, Goggo kuma ta ƙara mata da cewa su ke sa ɗa ya yi ƙato a ciki a sha wuya wajen haihuwa. Amma maganin zaƙi kam ba fashi, kullum da safe kofi guda. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida awo sau takwas, da sau huɗu ne, to mu a garinmu ko huɗun ma wadda ta cika ana mata kallon mai son jiki.

Naƙuda ta fara mata tun la'asar bata gaya wa kowa ba, kunya. Ni dai na ga tana ta shiga bayi tana fitowa tana dafa bango, na ce ke lafiya? ta ce ba komai Yaya. Sai wajen sha biyun dare faya ta fashe sannan Inna ta gane, ita ma Innar fita tayi tsakar gida wai ba za ta tsaya a kan 'yarta ba, ta bar mu ni da Goggo. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna yaro ya faɗo, namiji, da kukansa garau, sannan aka tura yaro ya taso Iya ungozoma.

Mutanen birni da yawa basu san wannan ba, suna ɗauka ungozomar ƙauye ita ke karɓar haihuwa. A wajenmu dai mace ita kaɗai take durƙusawa, ungozoma sai an sauka ake kiranta, ta yanke cibi, ta jira mabiya ta faɗo ta kai bayan ɗaki ta binne, ta wanke jariri, ta yi ta zuwa safe da yamma har suna. Iya ta haura saba'in, ita ta yanke min cibi ni kaina. Ta zo da sabuwar reza a takardarta, wannan kam ta kiyaye shi tun wani horo da aka taɓa yi musu a ƙaramar hukuma, ni kuma na miƙa mata ɗan tubun maganin cibi da na sayo a kemis, kulohekzidin, na ce Iya wannan za a shafa, ba toka ba man goge baki ba gashi da tsumma. Ta juya shi ta shinshina ta ce to 'yar boko.

Duk muka rufu a kan jariri. Wannan na cewa hancin ubansa ne, waccan na cewa kai goshin Baba ne sak, maƙwabta har sun fara shigowa barka da fitila a hannu, maijego kuwa tana can lungun gado an jingina ta da bango ba mai kallonta. Can na ji ta ce a hankali, Yaya sanyi nake ji, kuma duhu-duhu nake gani. Na haska fitilar waya, wallahi zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe sharkaf har ya zarce tabarma, na canza wani kafin in juya shi ma ya jiƙe. Goggo ta ce dattin ciki ne gara ya fita, in ya zauna shi ke zama ciwo. Iya bata ce komai ba, ta ajiye yaron ta zo ta danna marar da tafin hannu, ta sake dannawa, ta ɗago ta kalli Inna da ta leƙo ƙofa ta ce, wannan ba nawa ba ne, ku nemo mota.

Kalmar nan tata ita ta ceci yarinyar nan, don da ni na faɗa cewa za a yi tsoro ne irin na 'yan birni.

Daga nan aka shiga abin da ya fi ba ni haushi. Wai sai an sanar da mijinta, yana can garinsu, waya ba sabis, ƙanenmu ya hau kan katanga yana ɗaga waya sama. Baba ne ya fito ya ce 'yata ce, ku ɗauke ta, in ya zo ya same ni. Mota ɗaya ce a garin, mai ita ya ce mai ba zai kai ba, sai da aka zuƙo daga babura biyu aka zuba. Hanya duk ta ɓaci da ruwa, tafiyar da bata fi minti ashirin ba da rani muka yi kusan awa, ina riƙe da kanta a cinyata ina ta kiran sunanta kar ta yi shiru, Iya na gefe rungume da jariri bata fasa murza mata mara ba da ɗaya hannun.

Ƙaramin asibitin da muka je ba wuta, amma Allah ya taimake mu malamar a ɗakin baya take kwana, yarinya ce ma bata kai ni ba. Ko ɗankwali bata tsaya ɗaurawa ba. Ta sa mata ƙwayoyin miso, masu sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, a ƙarƙashin harshe, ta ɗaura ruwa ni ina haska mata jijiya da waya, ta sa roba ta zubar da fitsarin da ya taru, ta yi ta murza cikin har mahaifar ta dunƙule ta yi tauri kamar ƙwallo, ta ce a sa mata yaron a nono yanzun nan don tsotson ma na taimaka wa mahaifa ta tsuke. Daga baya take min bayani, allurar oksitosin ita ce ta farko a wannan aikin amma sanyi take so, zafi na kashe mata ƙarfi, shi yasa inda ba firji ƙwayar ta fi musu amfani. Ta ce jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa ya zama haɗari, rabin lita fa ledar fiyawata ɗaya kenan, kuma wadda dama jininta ya yi ƙasa ko hakan bata iya ɗauka, cikin awa biyu ana iya rasa mace. Na tuna zannuwa uku da muka baro a ɗaki na yi shiru.

Da asuba ta tura mu babban asibiti aka ƙara mata jini leda biyu. Nan ma sai da aka yi 'yar dirama, samarin gidanmu masu cika baki kowa ya hau kame-kame, wai bai karya ba, wai jiri yake ji, ƙarshe mijin da ya iso a firgice da direban da ya kawo mu su suka bayar.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce cikin haihuwa 100,000 mata 512 ke rasuwa a Najeriya, kuma kashi 39 cikin ɗari ne kawai ke haihuwa a asibiti, mu nan arewa maso yamma a lokacin ko rabin hakan bamu kai ba. Na sha jin masu lakca suna ɗora laifin a kan ungozomomin gargajiya, ni dai bayan daren nan na daina. A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin tura ungozomomin asibiti ƙauyuka, sababbin gamawa da waɗanda suka yi ritaya, abin ya yi kyau da farko amma da yawa basu zauna ba, alawus baya zuwa kan lokaci, ba gidan kwana mai kyau, wasu ko Hausa basa ji. Malamar da ta taimake mu 'yar yankin ce, iyayenta na ƙauyen gaba, shi yasa cikin daren nan muka same ta. Ni a ganina in za a kashe kuɗi to a kashe wajen ɗaukar 'yan matanmu na ƙauye da suka gama sakandare a kai su makarantar ungozoma su dawo gida, a kuma riƙe su Iya a jiki, don duk garin ba wanda zai shiga ɗakin maijego ya ce a fito da ita a fito sai ita.

Da muka dawo gida sabon faɗa ya tashi. Dakashi dai yaro ya riga ya sha tun a asibiti, Goggo ta yi ta mita wai ba a wanke nono ba, na ce ai shi ne rigakafinsa na farko, ruwa ma ba za a ba shi ba sai ya yi wata shida. Wankan jego na ce a sirka ruwan, ganyen darbejiya ba laifi amma ba tafasasshe ba. Kunun kanwa ne muka kai ruwa rana, na ce tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya da kumburi ga masu jego, suka danganta shi da kanwar nan da zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta, balle wadda aka ƙara wa jini shekaranjiya. Inna ta ce ita haihuwa tara ta yi da kanwa ga ta nan daram. Muka daidaita a kan kunun gyaɗa da farfesun kaza, amma na san ina juya baya za a ɗan jefa kanwar, na ga ƙullin a bayan randa.

Ranar da zan taho Iya ta zo rakiya har bakin mota, ta ce in rubuta mata lambar malamar nan da ta direba a bangon zaurenta da gawayi, manya-manya, ita bata iya karatu ba amma jikanta ya iya. Ta kuma ce in zan dawo in taho mata da maganin cibin nan guda biyar, akwai masu ciki uku a unguwarsu.