Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hunturun da Raisa ta yi tsere ba tuta

Makon jiya mun tsaya a inda gwamnatin Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin, ta sakar wa farashi mara, ranar 2 ga Janairun 1992, kwanaki kaɗan bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Alawus ɗinmu na ɗalibai, wanda a da yake kai mu ƙarshen wata har da rara, ya koma ba ya kai mu ko'ina. Garin ma an sauya masa suna tun watan Satumba, Leningrad ta koma Sant Pitasbag. Amma kafin in ci gaba da labarin wahala, akwai wata mata da ba zan iya tsallake ta a wannan hunturu ba. Sunanta Raisa Smetanina, gwanar tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Wannan tsere ba irin na gangarowa daga kan dutse ba ne. Gudu ne na dogon zango a cikin daji, ga hawa ga gangara, dogon allo siriri a kowace ƙafa, sanda a kowane hannu. Na san azabarsa a jikina, domin a darasin motsa jiki sai da aka ɗaura mana allunan. Malaminmu yakan fara duba ma'aunin sanyi, sannan ya zaɓi kakin da zai shafa a tsakiyar allo: kore idan sanyi ya kai maƙura, shuɗi idan ya ɗan sassauta, ja idan dusar ta kusa narkewa. Ya murza da tafin hannu har ya yi sheƙi. Idan aka yi kuskuren kaki, ko dai allon ya riƙa zamewa baya a wurin hawa, ko dusar ta manne masa ta zama dunƙule, mutum ya riƙa jan ƙafa kamar mai tafiya a laka da damina. Kilomita biyar kacal, amma ƙirji zai yi zafi, gashin ido ya daskare, hannu ya ƙi ɗaguwa.

Wadda ta sanar da ni Raisa ita ce tsohuwar da ke gadin ƙofar gidan kwananmu. Babushka muke ce mata, ita kuma ta ce mana "'ya'yana". Tana da 'yar talabijin a ɗakinta, kuma lokacin gasar Olamfik ta hunturu a Calgary ta Kanada a 1988 ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ɗana, zo ka zauna ka ga mace." A shekarar Raisa ta kusa 36, ta ci azurfa a kilomita 10 da tagulla a kilomita 20.

An haife ta ranar 29 ga Fabrairun 1952 a ƙauyen Mokhcha, can arewa a ƙasar Komi, inda ake kiwon barewar ƙanƙara, inda yaro ke ɗaura allo ya tafi makaranta tun bai san ana tsere da shi ba. Tana da shekara 21 ta ci zinare a gasar duniya ta Falun a 1974, a tseren karɓa-karɓa na mata huɗu. A gasar Olamfik ta Innsbruck a 1976 ta ci zinaren kilomita 10, ta ƙara wani a karɓa-karɓa tare da babbar yayarsu Galina Kulakova, ta haɗa da azurfa a kilomita 5. A Lake Placid ta Amurka a 1980 ta lashe kilomita 5, amma Jamus ta Gabas ta ƙwace musu karɓa-karɓa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin girmanta fiye da zinaren. A Sarajevo a 1984 wata 'yar Finlan, Marja-Liisa Hämäläinen, ta cinye duka tseren mutum ɗaya guda uku, sau biyu Raisa ce a bayanta, a kilomita 10 da 20. Sa'anninta suka fara ajiye sanduna suna komawa gida. A daidai lokacin kuma wasan kansa ya sauya kama. Sabon salo ya shigo, wanda ake buɗe ƙafa ana turawa gefe da gefe maimakon bin layi biyu da aka tsaga a dusa, kuma ya fi sauri, har daga tsakiyar shekarun 1980 aka raba gasa gida biyu, tsohon salo da salon 'yanci. Macen da ta haura talatin, jikinta ya saba da taku ɗaya tun tana ƙarama, ta koma koyon tafiya tare da yara. Tagullar nan ta Calgary a sabon salon ta ci ta, bayan 'yan ƙasarta biyu matasa, Tamara Tikhonova da Anfisa Reztsova. Kuma a shekarar ba a sa ta a cikin huɗun karɓa-karɓa ba, tana kallo suka ɗauki zinare. Babushka ba ta yafe wa masu horarwa wannan ba, ni ma har yau ina ganin abin da ciwo.

Sai ga Fabrairun 1992, gasar Albertville a Faransa. Ƙasar da ta raine su ta mutu, don haka suka fita da sunan Haɗaɗɗiyar Tawaga, ba tutarsu, ba takensu. Mu kuma a ɗakin Babushka mun cika maƙil: 'yan Najeriya, 'yan Mali, wani ɗan Yaman, da Rashawan da ke hawa na biyu. Shayi ba sukari, domin takardar rabon sukarin ta zama takarda kawai.

Raisa ta zo ta huɗu a kilomita 15, ba lamba. Aka ce shi ke nan, ta tsufa. Ranar karɓa-karɓa a filin Les Saisies, Yelena Välbe ce ta buɗe, Raisa ta karɓa a zango na biyu, wanda ake yi da tsohon salo, salon da ta tashi a cikinsa. Larisa Lazutina na jira, sannan Lyubov Yegorova 'yar garinmu ta rufe. Välbe ba ta cika 24 ba, ranar da Raisa ta ci zinarenta na farko a Olamfik ita tana 'yar shekara bakwai. Na ga Babushka ta ajiye saƙarta a cinya, ta dafe gwiwa, tana magana da talabijin ƙasa-ƙasa: "Rayechka, 'yata, riƙe, riƙe." Kyamara ta matso, ga fuskar Raisa duk ta yamutse, ƙanƙara a gira, baki buɗe, tana dukan sanduna a hawa. Ta taɓa Lazutina ta miƙa mata tsere, sauran biyun suka ƙarasa aiki. Norwe ta zo ta biyu, Italiya ta uku.

Lambarta ta goma ke nan a gasar Olamfik biyar a jere: zinare huɗu, azurfa biyar, tagulla ɗaya. Kafin ita babu wanda ya tara goma a wasannin hunturu, kuma saura ƙasa da mako biyu ta cika shekara 40. Da suka hau dakalin karɓar lamba, tutar Olamfik mai zobe biyar aka ɗaga, aka buga taken Olamfik. Wani Barashe a cikinmu ya tashi ya fita. Babushka ta miƙe tsaye duk da haka, ta tsaya har aka gama, mu ma muka miƙe saboda ita.

Daga wannan shekara Raisa ta bar tsere ta koma Syktyvkar, babban birnin Komi, kuma filin tseren da ke kusa da garin sunanta yake ɗauke da shi yanzu.

Bayan gasar ne wani abokina ɗan Zariya ya zo mini da shawarar mu fara sarin kaya ta jirgin ƙasa muna sayarwa a bakin tashar metro, ko ma samu na burodi mu ƙarasa karatu. Yadda muka fara, da abin da ya same mu a kan iyaka, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.