Yadda Na Koyi Soya Farin Kifi da Garin Burodi Ya Yi Ƙaras-ƙaras

Sau uku ina soya farin kifi da garin burodi bai fito yadda nake so ba. A cikin kasko sai ya yi jawur gwanin sha'awa, amma kafin a zauna ci ɓawon ya yi laushi, yana saɓulewa daga jikin tsokar. Na fara zargin garin burodin, na canza wani. Na zargi man, shi ma na canza. Ashe duk ba su ne ba, ruwan da ke jikin kifin ne.

Farin kifi, irin su kod da hek da karfasa, ba shi da kitse sosai, tsokarsa cike take da ruwa, balle wanda ya kwana a firiza. Da ya shiga mai mai zafi sai ruwan nan ya zama tururi. Tururin kuwa dole ya nemi hanyar fita, shi ne yake ɗaga ɓawon daga ciki ya jiƙa shi. Tun da na gane haka na daina gaggawa. In kifin daskararre ne, sai in sauko da shi cikin firji tun daren jiya ya narke a hankali. In na cire ƙayoyin, sai in barbaɗa masa gishiri in bar shi kamar minti 15. Za ka ga ruwa ya tsattsafo a samansa. Sai in danna shi da tishun kicin, gaba da baya, har sai na taɓa na ji babu danshi. A wurina wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne na riƙa tsallakewa a da.

Daga nan sai faranti uku: fulawa, kaɗaɗɗen ƙwai, sai garin burodi. Fulawar tana shanye ɗan danshin da ya rage, ita ke sa ƙwan ya kama, shi kuma ƙwan ya riƙe garin burodin. A kakkaɓe fulawar sosai, in ta yi yawa sai ta zama kamar kunu a ƙarƙashin ɓawon. Nakan sa barkono da garin tafarnuwa a cikin fulawar, domin in suna waje saurin ƙonewa suke yi su kawo ɗaci. Hannu ɗaya nake taɓa busassun da shi, ɗayan kuma na ƙwai, don kada yatsu su dunƙule da gari.

Na fi son panko, garin burodin nan na Japan mai manyan ɓarɓashi, saboda ba ya shan mai kamar garin burodi mai laushi. In na shafa, sai in ɗan danna da tafin hannu, in mayar firji minti 10 ɓawon ya zauna.

Zafin mai shi ne abu na biyu da ya wahalar da ni. Ya kamata ya kai digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas. In babu ma'auni, jefa ɗan garin burodi: in ya taso nan take yana tafasa, mai ya yi, in ya nutse shiru, da saura, in ya yi baƙi cikin ƙiftawar ido, rage wuta. Yanka biyu kawai nake sawa a lokaci guda, don in kasko ya cika zafin man faɗuwa yake yi, kifin ya koma shan mai. Yanka mai kaurin santimita 2 yakan ɗauki minti 3 zuwa 4 kowane gefe, kuma sau ɗaya tak nake juyawa. Tsokar in ta nuna takan yi fari fat, tana rarrabuwa falle-falle.

Kuskurena na ƙarshe shi ne tara kifin a faranti in rufe don kada ya huce. Tururin nan dai shi ne ke komawa kansa. Yanzu a kan ragar ƙarfe nake jera shi, iska na ratsawa ta ƙasa, in ɗan yayyafa gishiri tun yana da zafi. Lemon tsami kuma sai an zo ci, kowa ya matsa a nasa. Ranar da na fara bin wannan tsari, sai da muka yi kusan minti 20 kafin a taru a ci, na sa cokali mai yatsu na karya yanka ɗaya, na ji ƙaras, tsokar ciki kuma tana tururi da laushinta.