Mai kula da masu taɓin hankali, shi wa ke kula da shi?

Ranar da ma'aikacin sashen masu taɓin hankali ya fara kiran majinyaci "na gado na uku" ko "ɗan tramol ɗin nan" maimakon sunansa, gajiya ta riga ta yi masa nisa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiyar da aiki ke jawowa da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, janyewar zuciya daga aikin, da raguwar abin da mutum ke iya tsinanawa. Ta tsakiyar ce ta fi ɓuya, don mai ita na zuwa kan lokaci, yana raba magani daidai.

A Damagaram nauyin na da nasa kama. Dangi sun taso daga Magarya ko Tanut, sun gama zagayen masu magani, sun iso da ɗansu ɗaure da igiya, guzuri ya ƙare, duk ɓacin ran kai za a sauke wa. Ka koma unguwa kuma ana ce maka likitan mahaukata.

Barci ne ke fara lalacewa. Babba na buƙatar aƙalla awa 7, ga shi wanda ya kwana aiki a Afrilu ko Mayu zai kwanta ne zafi na haura digiri 40. Shayin da ke raka mai aikin dare shi ke hana shi runtsawa da safe: bayan kamar awa 5 rabin kafeyin ɗinsa, wato sinadarin da ke hana barci, na nan a jini. Wanda zai kwanta ƙarfe 8 na safe ya ajiye kofi tun ƙarfe 2 na dare. A rufe taga da zane mai kauri, a kashe waya, a gaya wa mutanen gida ƙarfe nawa za a tashe shi. Idan an samu sarari cikin dare, gyangyaɗin minti 20 ya isa. Ya zarce haka, mutum ya tashi kai a ɗaure.

Abin da na fi jiye wa abokan aiki tsoro shi ne diyazefam, maganin kwantar da hankali da sa barci, don yana kusa da hannu. Shansa kullum na ƴan makonni kan sa jiki ya saba, tsayar da shi farat ɗaya kuma na iya kawo jijjiga. Wanda ya riga ya fara, likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

Idan majinyaci ya doki ma'aikaci ko ya kashe kansa, "sai haƙuri" ba ta wadatar ba. Shugaban sashe ya zauna da ma'aikacin a ranar, ya ba shi hutu, kada ya tilasta masa maimaita abin da ya gani. Bayan mako ya sake tambayarsa barci da cin abinci. Mugun mafarki ya wuce wata guda, ko baƙin ciki ya kai mako 2 ba sassauci, a haɗa shi da likitan da ba sashensu ɗaya ba, don da wuya mutum ya buɗe cikinsa ga wanda za su haɗu gobe wurin miƙa aiki.