Mako na shida: kyamara tana tare da wa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Yau mako shida ke nan da na fara nazarin yadda ake ɗaukar hoto a bidiyon waƙoƙin gwagwarmaya, wato waƙoƙin da ake rerawa domin nuna adawa da zalunci, kuma ina so in faɗa muku inda na kai da abin da ya sauya a yadda nake kallo.

A makonni biyu na farko na ɓata lokaci mai yawa wajen farautar alamomi. Duk launin da na gani sai in ce yana nufin wani abu, har littafina ya cika da hasashen da ba ni da hujja a kansa. Abin da ya fitar da ni daga wannan hali shi ne kashe sauti. Yanzu kowane bidiyo sau uku nake kallonsa: da sauti kamar kowa, sannan babu sauti, sannan a gudun da aka rage zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ga masu amfani da YouTube a kwamfuta, idan kun tsayar da bidiyo, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da hoton ɗaya bayan ɗaya, baya da gaba. A kowace ɗauka, wato guntun hoto daga yanka zuwa yanka, ina rubuta inda kyamara take tsaye, da abin da ya fito sarai, da abin da aka bari ya dushe, da kuma lokacin da mai tacewa ya yanke.

Bidiyon da na fi daɗewa a kansa shi ne This Is America na Childish Gambino, wanda Hiro Murai ya ba da umarni, ya fito a watan Mayun 2018. An ɗauke shi a cikin wani katafaren ɗakin ajiyar kaya, kuma an gina shi a kan dogayen ɗauka waɗanda kyamara take bin mawaƙin ba tare da yawan yankewa ba. A farkonsa mawaƙin ya taho yana rawa har bayan wani mutum da ke zaune a kujera an rufe masa kai, ya zaro bindiga ya harbe shi. Ku dakata a nan ku duba da kyau. Wani yaro ya zo ya karɓi bindigar a cikin jan ƙyalle da hannu biyu, cikin lallami, ita kuwa gawar sai aka ja ta a ƙasa aka fitar da ita daga hoton. Kyamara ba ta bi gawar ba, ta ci gaba da bin mai rawa. Sai da na kashe sauti na gane cewa ni ma ban bi ta ba, domin idona ya tafi inda aka ja shi.

Haka abin yake har kusan ƙarshe. A gaba mawaƙin da 'yan makaranta suna rawa, an fito da su sarai, a can baya kuma ana tarzoma, mota tana cin wuta, wani yana faɗowa daga sama, amma duk an bar su a dushe. Lokacin da mawaƙin ya harbe mawaƙan coci, abin da mutane da yawa suka danganta da kisan mutum 9 a wata coci a birnin Charleston na Amurka a 2015, kyamara ba ta tsaya makoki ba, ta juya ta bi shi. A ganina, zargin da bidiyon yake yi ba a bakin mawaƙin kaɗai yake ba, yana cikin tafiyar kyamara, domin ta mai da mai kallo ɗaya daga cikin waɗanda rawa take ɗauke wa hankali. Daga nan na samu tambayar da nake yi wa kowace ɗauka: kyamara tana tare da wa, kuma wa ta juya wa baya?

Na gwada tambayar a kan Alright na Kendrick Lamar, bidiyo mai launin baƙi da fari na 2015 wanda Colin Tilley ya ba da umarni. Akwai wurin da aka nuna mawaƙin da abokansa a cikin mota, an matso kusa da su, har mutum ya ɗauka tuƙi suke yi. Da hoton ya buɗe sai ga 'yan sanda huɗu ɗauke da motar a kafaɗa. Motar ba ta sauya ba, mutanen ma haka, iyakar hoton kawai aka faɗaɗa, amma sai ga matsayi ya juye. Wannan ya koya mini cewa abin da ke wajen hoto shi ma yana aiki, kuma mai ba da umarni yana iya ɓoye shi har lokacin da yake so.

Ya kuma sa na daina amincewa da ƙa'idar da ake koya wa masu farawa, cewa duk wanda aka ɗaga sama ƙarfi ake nufi. A ƙarshen bidiyon mawaƙin yana tsaye a kan turken fitilar titi, sama da kowa, amma wannan tsayin ne ya bar shi a fili babu kariya lokacin da ɗan sanda ya nuna shi da yatsa kamar bindiga, ya faɗo. Kusurwa ba ta da ma'ana guda, sai an duba ɗaukar da ta zo kafinta da wadda ta biyo baya.

Domin kada karatun ya tsaya a kallo, na ɗauki wani abokina da waya yana tsaye a gaban rufaffiyar ƙofar ƙarfe. Da na matso kusa da fuskarsa sai ya fito kamar mai haƙuri da jira. Da na ja baya sosai sai ƙofar ta haɗiye shi, ya zama ɗan ƙarami. Da na koma bayan kafaɗarsa kuwa, ƙofar tana gabanmu mu biyu, sai na ji kamar ni ma an hana ni shiga. Ta ukun ce ta fi kama da hoton gwagwarmaya, kuma ina roƙonku ku gwada da kanku.

A mako mai zuwa zan ɗauki They Don't Care About Us na Michael Jackson, domin Spike Lee ya yi wa waƙar bidiyo biyu a 1996, ɗaya a Barazil tare da makaɗan Olodum, ɗaya a cikin kurkuku haɗe da hotunan labarai na gaske. Tunda waƙar ɗaya ce, bambancin da zan samu daga hoto zai fito. Wanda yake son mu yi tare ya ƙirga yankan minti na farko a kowanne, mu kwatanta.